Tsarin shekara biyar a hannunmu, mabuɗi a hannun wa?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya mini a rai tun jiya. An kira mu taron duba kundin tsare-tsaren jami'armu na shekara biyar, wanda aka ƙaddamar shekara uku da suka wuce, har da rabon jaka da biro. A shafin sashenmu an rubuta cewa kafin wa'adi ya cika za mu buɗe sabon digiri na biyu, mu ɗauki malamai shida, mu gyara ɗakin gwaji. Mataimakin shugaban jami'a ya dube ni ya ce, Dakta, nawa ka cim ma a ciki? Na ce ranka ya daɗe, ko ɗaya. Aka yi dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Malamai shida? Ni da nake shugaban sashe ko masinja ba ni da ikon ɗauka. Sabon digiri sai NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta turo mutanenta sun zo sun ƙirga mana malamai da kayan aiki, malaman kuma su ne ba a ɗauka ba. Ɗakin gwaji kuwa, na'urar tace ruwa ce ta mutu, mai gyara ya ce dubu tamanin. Na rubuta takarda, ta je wurin shugaban tsangaya, ta hau ofishin shugaban jami'a, ta sauko wurin ma'aji, ta je wurin odita, aka ce sai sashen ayyuka ya zo ya gani da ido. Yau wata huɗu ke nan. Ɗalibaina karo-karo suke yi suna sayo ruwan batir a jarka daga wurin masu cajin batirin mota, da shi muke gwaji.

To ina tambaya, tsakani da Allah: in ana son abin da aka rubuta ya tabbata, a tattara iko wuri ɗaya ne ko a sakar wa na ƙasa mara?

Ɗan Ƙungiya:
Wa alaikumus salam Dakta. Amsar a fili take, kuma mu a ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, mun shekara talatin muna faɗa. Matsalar Abuja ce. Shugaban jami'ar da kake ganin ya riƙe maka wuya, shi ma an riƙe nasa. A 2015 aka mayar da kuɗin jami'a asusun bai-ɗaya a Babban Banki. Albashi aka kai shi IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya, da ƙarfin tsiya, abin da yana cikin dalilan zamanmu a gida wata tara a 2020, da wata takwas a 2022. Shekara da shekaru, ɗaukar ma'aikaci sai an nemi izini daga ofishin shugaban ma'aikata na tarayya, a bi ta Hukumar Raba Daidai, a bi ta ofishin kasafi. Ɗalibi ma sai JAMB ta danna masa a CAPS, shafinta na ba da gurbin karatu. To me ya rage a hannun jami'a? Rigar yaye ɗalibai?

Hajiyar Lissafi:
Malam Ɗan Ƙungiya, a yi mana adalci. Ni a ofishin ma'aji nake, shekara goma sha tara. Kafin asusun bai-ɗaya na san lokacin da muke da asusu sama da talatin a bankuna daban-daban, wasu ma sai da aka zo rufewa muka san da su. A ajiye kuɗin gini a banki yana haihuwa, ribar ba a san inda take shiga ba, ginin kuma yana tsaye ba rufi. Albashi kuwa, na taɓa ganin sunan mutumin da muka je ta'aziyyarsa yana fitowa a takardar biya bayan shekara guda. Ba Abuja ce ta sa shi a ciki ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ɗan Ƙungiya:
Hajiya, ba wanda ya ce babu ɓarayi. Amma in aka samu ɓarawo a gida kama shi ake yi, ba a kwashe mabuɗan ɗakuna duka a kai wa maƙwabci. IPPIS ɗin an gina shi ne don ma'aikacin ma'aikatar gwamnati mai zuwa ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe huɗu. Bai san malamin ziyara ba, bai san wanda ya zo hutun nazari na shekara guda ba, bai san baƙon farfesa daga waje ba. Sababbin jami'o'in nan da malaman aro suke rayuwa, ranar da aka daina biyansu suka daina zuwa. Mun kawo namu tsarin biyan albashin, UTAS, aka yi ta jan ƙafa. A ƙarshe gwamnati da kanta ta amince a Disambar 2023 a cire manyan makarantu daga ciki. Da abin na da kyau me ya sa aka cire?

Hajiyar Lissafi:
An cire ku daga IPPIS, amma kuɗin har yanzu ta GIFMIS, tsarin fitar da kuɗin gwamnatin tarayya, suke biyowa, shi ma na Abuja ne. Wanda yake biya ba zai taɓa rufe ido ba, ku sa wannan a ranku.

Tsohon Magatakarda:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Na yi ritaya da daɗewa, amma na ga zamani uku a wannan aiki.

Abin da kuke kira Abuja ba rana ɗaya ya taru ba. Lokacin da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ta gwamnatin Arewa ce, kamar yadda Ife take ta Yamma, Nsukka ta Gabas. Kowace ita take shirya jarrabawar shigarta, ita take tsara abin da za ta koyar. NUC a lokacin ɗan ofishin ba da shawara ne kawai. A 1974 aka ba ta ƙarfin doka, Farfesa Jibril Aminu ya zama sakatarenta. Zuwa 1975 soja sun karɓe jami'o'in yankuna, a shekarar kuma suka kafa sababbi bakwai, ciki har da Sakkwato da Maiduguri da Jos da ta Kano. A 1978 JAMB ta zo. A 1985 aka ba NUC ikon shimfiɗa mafi ƙarancin abin da dole kowane kwas ya ƙunsa da ikon tantancewa.

Kowane mataki da dalilinsa, kada ku ɗauka mugunta ce zalla. Kafin JAMB, yaro mai ƙoƙari sai ya samu gurbi a jami'a uku, ya ɗauki ɗaya, biyu su tafi a banza, wani kuma yana gida bai samu ko ɗaya ba. Kuɗin man fetur ne ya yi yawa a lokacin, gwamnatin tarayya ta ce za ta ɗauki nauyi, jami'o'i kuma ba su ce a'a ba. To wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Abin da na lura da shi a tsawon aikina shi ne, iko in ya hau sama ba ya saukowa da kansa. Dalilin da ya sa aka ɗauke shi zai wuce, shi kuwa yana nan. Ko da aka gyara doka a 2003 aka ba majalisun gudanarwa ikon naɗa shugaban jami'a, ai kun ga abin da ya faru a Yunin 2023: sanarwa ɗaya aka rushe majalisun duka, aka shafe kusan shekara babu su. Duk abin da sai majalisa ta sa hannu, ƙarin girma zuwa farfesa, manyan kwangiloli, naɗin manyan jami'ai, ko dai ya tsaya ko a kai wa minista. Wane tsarin shekara biyar ne zai rayu in aka cire masa shekara guda a tsakiya?

Baban Ummi:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma ku lura, duk kun tafi Abuja kun bar ni a ɗakin gwaji. Takardata ba ta je Abuja ba. Tana cikin harabar nan, tsakanin gine-gine uku da zan iya zagayawa da ƙafa cikin minti goma.

Maman Sadik:
Yauwa Dakta, nan nake jira a zo. Ni ma malama ce, a wata jami'ar jiha, mu ba mu taɓa shiga IPPIS ba, amma ciwon ɗaya ne. Shugabannin jami'a in sun je Abuja kuka suke a ba su 'yancin cin gashin kai. In sun dawo gida su ne Abujar. Kuɗin da ɗaliban sashenmu suke biya da sunan kayan gwaji, a rasit ɗinsu a rubuce yake, amma ko sisi ba ya zuwa sashe kai tsaye. Sai ka rubuta ka roƙa, kamar sadaka. Laifi tudu ne, Malam Ɗan Ƙungiya, kuma ban taɓa jin an tafi yajin aiki don a sakar wa sassa kuɗinsu ba.

Kundin tsare-tsaren ma yadda ake yin sa abin kallo ne. Namu an turo mana fom ranar Laraba aka ce a mayar ranar Juma'a. Shugaban sashe ya cike shi shi kaɗai a mota. Da kundin ya fito, abin da ya rubuta ma babu shi a ciki, wani kwamiti ne ya zauna a otal ya tsara komai. Yanzu ka tare malamai goma a sashenmu ka tambaye su me ke ciki, in ka samu biyu da suka buɗe shi na biya ka.

Ɗan Ƙungiya:
Malama, wannan gaskiya ce mai ɗaci, na karɓa. Sai dai ƙungiya ta yi faɗa da shugabannin jami'a ba sau ɗaya ba. Malamai 49 da aka kora a Ilorin a 2001 ai daga cikin gida aka kore su, sai 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su. Mu 'yancin da muke nema na majalisar malamai ne da kwamitoci, ba na mutum ɗaya ba.

Hajiyar Lissafi:
To bari in faɗi abin da ba ku so. An taɓa gwada sakin kuɗi ga sassa a wurinmu, kowane zango a ba shugaban sashe wani abu ya riƙe don ƙananan buƙatu, ya kawo rasit a sake cika masa. Cikin sassa sama da hamsin, waɗanda suka kawo lissafi a kan lokaci ba su kai rabi ba. Wani ya kawo rasit na lemo da naman kaza na taron sashe, kusan rabin kuɗin. Wani ya sauka daga kujera ya tafi hutun nazari da lissafin a aljihunsa. Da masu bincike suka zo daga waje, ma'aji suka tsare, ba farfesan ba. Daga ranar aka ce komai ya dawo tsakiya. Dakta, takardarka tana yawo ne saboda zunubin wasu.

Baban Ummi:
Hajiya, to a hukunta masu naman kaza mana. Ni me na ci?

Hajiyar Lissafi:
Wa zai hukunta su? Shugaban sashe yau, gobe shi ne shugaban tsangaya, jibi yana cikin masu zaɓen wanda zai zama shugaban jami'a. Rufe ƙofa ga kowa ya fi sauƙi a kan a kira mutum ɗaya a ce ya dawo da kuɗi. Ban ce daidai ba ne, yadda ake yi na faɗa.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina biye da ku, kamar da mu kuke. Mu nan Nijar jami'ar gwamnati ɗaya muka daɗe da ita, ta Yamai, tun 1971. Sai 2010 aka yi na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Da can malamai da ma'aikata da wakilan ɗalibai ke zaɓen shugaban jami'a. Gwamnati ta ce wanda aka zaɓa yana jin tsoron masu zaɓensa fiye da mai ba shi kuɗi, shi ya sa shekarar karatu take shiga cikin wata, ba a san farkonta ba balle ƙarshenta. Ƙungiyar malamai ta SNECS ta yi ta yajin aiki, amma a 2019 majalisa ta amince da dokar da ta ba gwamnati ikon naɗawa. Ni ɗalibi ne lokacin. Abin da zan iya shaida shi ne, ko zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, in kuɗin alawus na ɗalibai da na malamai ba su fito daga Yamai ba, aji a rufe yake.

Tsohon Magatakarda:
Sannu ɗana. Hujjar da gwamnatinku ta kawo mu ma an taɓa kawo mana ita, har da ƙari. A 1995 Abacha ya tura Manjo Janar Mamman Kontagora ya riƙe ABU shi kaɗai, har 1998. Har gobe in ka zauna da mutanen wancan lokaci za ka ji baki biyu. Wasu su ce an samu tsari, an yi gyare-gyare, abin da aka ce a yi ana yi. Wasu su ce jami'a ba bariki ba ce. Mutum ɗaya mai cikakken iko yana da sauri, wannan ba musu. Katanga da titi da fenti, umarni yana gama su. Amma ban taɓa ganin an umarci malami ya yi bincike mai kyau ya yi ba, ko ya zauna da ɗalibin digiri na uku da zuciya ɗaya. Rabin abin da ke cikin kundin Dakta irin wannan ne.

Ɗan Ci-rani:
Ina karatu a Ingila, bari in ƙara wani abu. Kada mu ɗauka sakin mara ba shi da nasa ciwon. A Amurka akwai jami'o'in da kowace tsangaya take riƙe kuɗin da ta samo ta biya buƙatunta, Harvard ta yi suna a kan haka. Abin da ke biyo baya shi ne tsangaya mai ɗalibai da yawa ta yi ƙiba, ƙarama ta rame, kowa kuma yana ƙoƙarin hana ɗalibinsa ɗaukar kwas a wata tsangayar don kada kuɗi su fita. Ku kwatanta a gida: a ce kowa ya ci abin da ya samo, sashen koyon kasuwanci da na shari'a za su sayi janareta biyu-biyu, sashen Hausa da na fiziks ko alli sai sun roƙa. A Faransa kuma dokar 2007 ta miƙa wa jami'o'i albashin ma'aikatansu su riƙe da kansu, bayan 'yan shekaru wasu suka shiga giɓin kasafi, don an ba su nauyin ba a ba su isassun kuɗi ba.

Maman Sadik:
Ƙanena, ba wanda ya ce a raba jami'a kamar gado. Wuta da ruwa da tsaro da ɗakin karatu dole su zauna a tsakiya. Tun da aka mayar da kuɗin wutar layin Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wane sashe ne zai iya biyan wutarsa? Abin da muke cewa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gyaran dubu tamanin bai kamata ya hau bene ba.

Ɗalibar Digiri na Biyu:
Malamaina ku yi mini afuwa, in sa baki a maganar manya. Mu ɗalibai wani lokaci tsakiyar ce take cetonmu. Kafin a mayar da sakamako kan na'ura a jami'armu, sashe ne yake riƙe da komai, sakamakon zango ɗaya sai ya shekara a durowar malami, ba mai tambayarsa. Da ofishin shugaban jami'a ya sa wa'adi ya ce duk wanda bai ɗora ba za a karanta sunansa a majalisar malamai, cikin sati shida muke gani. Haka CAPS, ƙanwata ta ga an ba ta gurbi a wayarta, ba mu san kowa ba. Da a hannun sashe yake, Allah kaɗai ya san ko za ta samu. In za a sakar wa sassa mara, don Allah a bar mana inda za mu kai ƙara.

Baban Ummi:
'Yata, ba ki yi laifi ba, kin ma fi mu gaskiya. Amma ki duba abin da aka yi a misalinki. Ofishin shugaba bai karɓe takardun jarrabawa ya ce shi zai duba ba. Ya bar aikin a hannun malami, ya sa rana, ya ce zai tambaya. Ni ma abin da nake roƙo ke nan. A ce mini ga abu uku da muke so daga sashenka, ga kuɗin da za ka taɓa ba sai ka tambayi kowa ba, ƙarshen zango ka kawo lissafi, in ka ci a cire ka a kuma karɓo. Yanzu an juya abin: yadda zan kashe dubu tamanin mutum biyar ne suke sa ido, amma ko ɗalibaina sun iya gwajin ko ba su iya ba, shekara uku ba wanda ya leƙo.

Ɗan Ƙungiya:
Haka manhajar karatun jami'o'i ta CCMAS da NUC ta fito da ita a ƙarshen 2022. Kashi 70 daga sama, kashi 30 a bar wa majalisar malamai. Jami'ar da ke bakin Tafkin Chadi da wadda ke bakin teku a Fatakwal, kusan abu ɗaya za su koyar, sannan a ce kowace ta fito da abin da ta yi fice a kai.

Maman Sadik:
Kashi 30 ɗin ma me muka yi da shi? A wurinmu tsofaffin kwasa-kwasan da aka cire muka dawo da su, don kada wani farfesa ya rasa abin koyarwa.

Tsohon Magatakarda:
Malama ta taɓo inda yake ciwo. Amma ku dubi TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, tunda daga yarjejeniyar ƙungiyarku ta 1992 ya samo asali, zamanin da Attahiru Jega yake shugabanta. Harajin kashi 2 na ribar kamfanoni aka fara da shi a 1993, ya kai kashi 3 a 2023. Kuɗin a tsakiya ake tarawa, amma jami'a ce take cewa ga ginin da take so, ga malamin da za ta tura karatu, kuma ba a sakin kashi na gaba sai an ga abin da aka yi da na baya. Yana da nasa matsalolin, na sani, an fi son gini a kan gyara, shi ya sa za ka ga sabon ɗakin taro kusa da ɗakin gwajin da ba ruwa. Duk da haka ku zagaya kowace jami'ar gwamnati ku ƙirga gine-ginen da ke ɗauke da tambarinsa. Me zai hana shugaban jami'a ya yi wa sassansa irin wannan?

Hajiyar Lissafi:
Baba, zai yiwu, in za a ba kowace tsangaya akawunta na kanta mai zama a can, ba shugaban sashe ya riƙa cusa rasit a aljihun babbar riga ba. Mun taɓa kai wannan shawara. Aka ce ɗaukar akawu takwas sai an samu izini daga Abuja.

Ɗan Ƙungiya:
Kin gani ko Hajiya? Mun zagayo mun dawo.

Baban Ummi:
Jama'a, yanzun nan masinja ya shigo da takardata. An rubuta a gefe da jan biro cewa in haɗo farashi daga wurin masu gyara uku. Na kira mai gyaran, ya ce wancan farashin na wata huɗu da suka wuce ne, yanzu dubu ɗari da ashirin, kuma a garin nan shi kaɗai yake taɓa irin na'urar.

Hajiyar Lissafi:
Dakta, kada ka gyara adadin a kan tsohuwar takarda, za a ce an yi kankare. Sabuwa za ka rubuta, ka maƙala tsohuwar a baya. Ka kuma sa sashen ayyuka su rubuta maka layi biyu cewa mai gyaran ɗaya ne a gari, da sa hannun darakta da hatimi. In babu hatimin za ta sake dawowa.